Kafin ka biya fam 50 na jarrabawa, je ka ga Turner da idonka

'Yan uwa da kuka sauka Landan kwanan nan, sannunku da zuwa. Katin bas, rajistar asibiti, shagon naman halal, duk cikin mako guda za ku gane su, don jama'armu ba sa barin baƙo ya ɓata. Wannan kam abin alfaharinmu ne. Maganata a kan takardu ce.

Ranar da za ku nemi izinin zaman dindindin ko zama ɗan ƙasa, sai kun ci jarrabawar Life in the UK. Tambaya 24 ce cikin minti 45, ana so ku ci 18, kuɗinta fam 50. Wanda ya faɗi sai ya sake neman rana, ya sake biya, alhali wa'adin bizarsa na ƙaratowa. A cikin abin da ake karantawa har da masu zanen Birtaniya: Gainsborough, Constable, Turner, Hockney. Nan mutanenmu ke tuntuɓe. Sai mutum ya kwana yana haddar sunaye kamar almajirin da bai san fassara ba, ya shiga ɗakin jarrabawa ya ɗora aikin Turner a kan Constable. Na zauna da wani ƙanenmu da ya faɗi, idonsa ya yi ja, yana cewa me ya haɗa shi da zanen Turawa. Shekararsa biyar a garin, bai taɓa leƙa National Gallery, babban gidan adana zane-zane na ƙasa, ba, ga shi kullum bas ɗinsa na bi ta dandalin Trafalgar, kuma shiga kyauta ce. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai.

Wanda ya tsaya gaban aikin mutanen nan biyu sau ɗaya ba zai sake cakuɗa su ba. Turner ɗan mai aski ne, an haife shi a Covent Garden a 1775. Teku da hazo da hasken rana ne sana'arsa. Ku nemi The Fighting Temeraire na 1839: tsohon jirgin yaƙi ne, ƙaramin jirgi mai hayaƙi na jan sa zuwa inda za a farfasa shi, rana na faɗuwa. Ku duba takardar fam 20 da ke aljihunku, jirgin da fuskar mai zanen suna nan.

Constable kuwa ɗan ƙauye ne daga Suffolk, mahaifinsa na da injin niƙan hatsi. Amalanke a cikin rafi ya zana a The Hay Wain, a 1821. Mutanen gida ba su saya ba, sai a Faris aka ba shi lambar zinariya a 1824. Matarsa Maria ta rasu da tarin fuka a 1828, ta bar masa 'ya'ya bakwai, kuma sai da ya kai shekara 52 aka karɓe shi cikakken ɗan Royal Academy, ƙungiyar manyan masu zanen ƙasar. Ni dai shi na fi so, don gizagizansa na manomi ne da ya san lokacin ruwa.

Na san abin da ke hana wasunku, kuma ba zan ɓoye ba: akwai zanen tsiraici a wasu ɗakuna, da na addinin Kirista masu yawa. Ku duba taswirar gidan tun daga ƙofa, ko ku tambayi ma'aikaci ɗakin masu zanen Birtaniya, ku nufi can kai tsaye. Magidanci ya fara zuwa shi kaɗai ya san hanya kafin ya kai iyali. Amma kada wannan ya sa ku ƙi sa hannu idan makaranta ta aiko za a kai yara, ku je ku yi magana da malamar tukuna.

In lokaci ya rage, ku gaisa da zanen furannin da Van Gogh, mai zane ɗan Holland, ya yi a 1888. Shi ma ya yi zaman haya a Stockwell daga 1873, yana yaron shagon sayar da zane. Ana buɗe National Gallery ƙarfe 10 zuwa 6, ranar Juma'a har 9 na dare, don haka bayan an sauko daga masallaci akwai isasshen lokaci. Tashar Charing Cross za ku sauka.