Babi na 6: Idan Ganyen Shukar Ɗaki Ya Yi Rawaya

Darasi na 1: Ban ruwa

Shukar da za mu koya a yau sunanta na ilimi Ficus lyrata, kuma dangin ɓaure da gamji da ceɗiya ce. Asalinta dazuzzukan Afirka masu yawan ruwan sama ne, daga Saliyo zuwa Kamaru, amma a nan Yamai a cikin tukunya ake ajiye ta a falo saboda faffaɗan ganyenta.

Idan ganyen ƙasa ya fara yin rawaya yana zubewa, yawancinku kukan ce ƙishirwa ce, sai ku ƙara ruwa. Galibi kuwa ruwan ne ya yi yawa, har saiwar ta rasa iska ta fara ruɓewa.

Saboda haka, kafin ku ɗauki buta, ku tura ɗan yatsa cikin ƙasar tukunyar har gaɓa biyu, wato kamar santimita 5. Idan kun ji danshi, ku ajiye butar. Idan kun ji ta bushe, ku zuba ruwa a hankali har ya fito ta hujin gindin tukunyar, sannan ku zubar da wanda ya taru a faranti. Wanda tukunyarsa ba ta da huji, ya huda ta.

Mu sake. Yatsa ne farko, buta daga baya. Kada ku tsaya ga kallon saman ƙasar, domin a zafin Afrilu saman yakan bushe cikin yini ɗaya alhali cikin yana jiƙe. Ba komai idan kun manta sau ɗaya, kowa da haka ya fara. Amma wanda aka nuna wa sau uku, ya koma gida yana kwarara mata ruwa safe da yamma kamar fangalin albasa, to kada ya zo yana cewa an sayar masa da shuka marar lafiya. Ku tura yatsa har gaɓa biyu.

Darasi na 2: Haske

Ku ajiye ta kusa da taga, inda akwai haske sosai amma ranar tsaka ba ta dukanta. Lokacin hunturu ku riƙa goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma.

Darasi na 3: Ganyen da ya lalace

Ganyen da ya riga ya yi rawaya ba ya komawa kore. Ku yanke shi, sannan ku wanke hannu, domin farin ruwan da ke fita yana sa ƙaiƙayi.