Gam ɗin haƙoran roba: inda ake yawan yin kuskure

Kawuna da ke Rikkos a nan Jos shekara shida ke nan yana sa haƙoran roba, sama da ƙasa. Bara na je gaishe shi da sassafe, na tarar yana lafta musu gam kamar mai shayi na shafa bota a burodi. Da ya danna a baki sai abin ya tsattso ta gefen leɓe, ya sa harshe ya lashe. Na ce, "Kawu, wannan ai ya yi yawa." Ya ce, "Kai dai yaro ne. In ban cika ba, kafin azahar sun fara rawa." Kwali uku yake ƙararwa a wata.

Yawancin masu haƙoran roba a nan suke fara kuskure. Shi gam ɗin, miyau yake sha ya kumbura, ya cike 'yar ratar da ke tsakanin roba da dasashi, don haka siririyar shimfiɗa ta fi mai kauri riƙo. A wanke haƙoran, a tsane su, a ɗiga sau uku ko huɗu, kowane ɗigo bai fi ƙwayar wake ba, nesa da gefe. A kurkure baki, a danna, a riƙe na ɗan lokaci. In ya tsattso, an zarce. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce kwali mai giram 68 ya kamata ya kai mako 7 zuwa 8.

Kuma ba asarar kuɗi kaɗai ake yi ba. Wasu nau'o'in suna da sinadarin zink, wato tutiya, wanda ke ƙara musu ƙarfi. Wanda ya shekara da shekaru yana haɗiyar rarar, tutiyar kan hana jikinsa ɗaukar jan ƙarfen da jini da jijiyoyi ke buƙata. A 2008 likitocin jijiya a Amurka suka ba da rahoton marasa lafiya da suka kamu ta wannan hanya: ƙafa da hannu su dinga mutuwa, tafiya ta koma tangaɗi. A 2010 kamfanin da ke yin gam mai suna Poligrip ya daina fitar da mai tutiya. Har yanzu dai akwai masu ita a kasuwa, sai a karanta jikin kwali kafin a biya a kyamis. Tsoho in ya ce ƙafarsa na mutuwa, mu a gida sai mu ce sanyi ne ko suga, ba mai tambayar gam nawa yake ƙararwa. A faɗa wa likita.

To me ya sa haƙoran Kawu suka fara rawa tun farko? Da zarar an cire haƙori, ƙashin da ke riƙe da shi ya shiga zaizayewa, ya fi sauri a watannin farko, bai kuma tsayawa har ƙarshen rayuwa. Muƙamuƙin ƙasa ya fi na sama saurin cinyewa, shi ya sa na ƙasa ne kullum ke ba da wahala. Bakin ya sauya, robar tana nan yadda aka zuba ta. Takalmin da ya yi wa mutum yawa, ko safa goma ya sa sai ya yi ta kwaɓe masa. Gyaran yana wurin likitan haƙori: a ɗauki sabon awon dasashi a ƙara wa cikin robar shimfiɗa, ko a yi sabuwa in ta tsufa. Akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da sauran manyan asibitoci. Ko babu ciwo, a riƙa leƙawa sau ɗaya a shekara.

Sufa gulu kuwa ba na baki ba ne, ko haƙorin ya rabe biyu. Yana ƙona nama, yana kuma ɓata wurin karayar har mai gyara ya kasa haɗawa daidai.

Sai maganar dare. Da yawa suna kwana da haƙoran don kunyar a ga bakinsu a loɓe, da safe kuma su ɗora sabon gam a kan na jiya. Ƙarƙashin robar nan da ɗumi da danshi, nan fumfunar baki ke yaɗuwa, ganɗa ta yi jawur. Wani bincike da aka wallafa a 2015 kan tsofaffin Japan 'yan shekara 85 zuwa sama ya nuna masu kwana da su sun ninka sauran haɗarin ciwon huhu na nimoniya. A cire, a goge ragowar gam daga dasashi da tsumma mai laushi, a wanke robar da buroshi da sabulu marar ƙarfi, makilin yana kankare ta. A jiƙa ta cikin ruwa har safe. Mu mutanen Jos akwai tarkon da ke jiranmu a Disamba: sanyi ya sa komai sai da tafasasshen ruwa, shi kuwa lanƙwasa robar yake yi. Ruwa mai ɗan ɗumi ya isa. Mai bushewar baki, saboda hunturu ko maganin hawan jini, ya kurɓi ruwa kafin ya sa, gam ba ya kamawa a busasshen wuri.

Abin dariya, gam na farko-farko, tun wajen 1913 da aka fara rajistarsa a Amurka, da ƙaron itatuwa ake haɗa shi, har da na dangin kukukin da muke da shi a daji. Na yanzu haɗin masana'anta ne. Masu bincike suna ta neman wanda zai daɗe a jiƙe ba tare da tutiya ba, wasu suna kwaikwayon yadda kifin kwanso ke manne wa dutse a teku. A 2024 masana a King's College da ke Landan suka nuna haƙoran roba masu ƙananan kofunan tsotso irin na oktofus, halittar tekun nan mai hannu takwas. Wannan bai iso kasuwarmu ta Taminus ba tukuna.

Kawu dai an yi masa sabuwar shimfiɗa bayan ƙaramar salla, kwali ɗaya yanzu yana kai shi kusan wata biyu. Tsire yana ci in an yanka ƙanana. Goro ne har yau sai ya goga a magogi, kuma duk zuwana sai ya yi mini mitarsa.