Idan Sankarar Dubura Ta Kai Ga Mazakuta: Abin Yi

Ba kasafai take faruwa ba. Ƙwayoyin cutar kan bi jijiyoyin jinin ƙugu su gangaro cikin mazakuta, wani lokaci bayan an yi tiyata an ɗauka an rabu da ita.

Mai tarihin wannan cuta ya riƙa laluba gabansa lokacin wanka. Ƙullutu mai tauri, fitsari da ƙyar ko da jini, duk a kai wa likita. Miƙewar gaba mai zafi, ba tare da sha'awa ba, in ta wuce awa 4 kuwa, a tafi asibiti nan take.

Kada kunya ta sa a ɗauka ciwon sanyi ne a kama jiƙe-jiƙe. A asibiti za a yi hoton MRI mai nuna cikin jiki da gwajin jini na CEA (wani sinadari da kan ƙaru a jinin masu wannan sankara), amma gutsuren tsokar wurin da aka ciro aka auna ne ke tabbatarwa. Yawanci magani na rage raɗaɗi ne da buɗe hanyar fitsari.