Yadda za ka nuna wa ƙannenka ramin tsutsa na sararin samaniya da balan-balan

In ka shiga kasuwar Ringim ka sayo balan-balan da gwaba ɗaya, shi ke nan kayan aikin.

Ka ɗiɗɗiga wa balan ɗin biro, kowane ɗigo tarin taurari ne, sai ka hura a hankali, za su ga ɗigon suna nisantar juna alhali ba wanda ya motsa, filin ne da kansa ke buɗewa. Abin da masanin taurari Edwin Hubble ya lura da shi ke nan a sararin samaniya a 1929. Yanzu ka ɗora tururuwa a kai, ita ce haske, tana ta sauri kai kana ta ƙara saurin hurawa, wani ɗigon mai nisa har abada ba za ta kai ba. Nan ne iyakar inda haske zai iya kaiwa. Haske fa kilomita kusan 300,000 yake ci a daƙiƙa, amma duk da haka wani wurin ya fi ƙarfinsa.

Sai gwaba. Tsutsa ba ta zagaye ɓawo, ta ciki take ɓullawa. Masana kimiyya Einstein da Rosen sun fito da irin wannan hanya ta sararin samaniya a lissafi a 1935, ita ce ramin tsutsa, in da akwai ta, saƙo zai iso daga bayan iyakar can ta hanyar yanke.

Amma don Allah kar ka cika su da daɗin baki, ba wanda ya taɓa ganin ramin nan, a takarda kawai yake, kuma lissafin ya nuna rufewa zai yi nan take sai an tokare shi da wani abu mai makamashi ƙasa da sifili.

Kar dai ka hura da yawa, nawa a fuska ya fashe min yara suna ta dariya.