Yadda ake shirya wa gasar kacici-kacici ba tare da kwana ana haddar tambaya da amsa ba

Na daɗe ina taya yaran unguwarmu shirin gasar kacici-kacici, irin wadda makarantu ke haɗawa ƙarshen zango ko ƙungiyoyin matasa su shirya lokacin hutu, kuma kuskure ɗaya nake gani duk shekara. Yaro zai zo min da takarda shafi goma cike da tambaya da amsa, ya kwana uku yana bita kamar mai tilawa, ranar gasa kuwa ana ɗan juya tambayar sai ka ga ya ɗaga kai yana kallon silin. Kuma wallahi ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, yaran nan suna da kai sosai, matsalar ita ce sun tara abubuwan kara zube, babu abin da ya riƙe wani. Tarihi can, ƙwallo can, jirgin sama can. To ni hanyar da nake bi da su ita ce ta turke, kamar yadda ake ɗaure dabbobi a gida, ka kafa shekara ɗaya a ƙasa sai ka riƙa ɗaure mata labarai daga ko'ina.

Bari in nuna maka da 1903, don ita nake fara ba kowa. A watan Fabrairu na shekarar sojojin Turawan Ingila suka ci Kano, a Maris suka shiga Sakkwato, a Yuli aka yi yaƙin Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu. Wannan duk ɗan makaranta ya taɓa ji. Amma kaɗan ne suka san cewa a dai wannan shekarar, ran 17 ga Disamba, can a wani wuri mai rairayi da ake kira Kitty Hawk a Amurka, wasu 'yan'uwa biyu masu sana'ar kekuna, Orville da Wilbur Wright, suka tashi jirgin sama mai inji karon farko, kuma tashin farkon ma daƙiƙa 12 kawai ya yi a sama, tazarar bai kai tsawon rabin filin ƙwallo ba. Ka ga yanzu turke ɗaya ya riƙe maka tarihin gida da na jirgin sama. Daga nan sai ka ja igiyar gaba kaɗan, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, sannan a 1925 jiragen sojan saman Ingila guda uku suka taso daga Masar suka ratso ta Sudan har suka sauka Kano. Wato yaron da yake ɗan shekara goma ranar da Turawa suka fasa ganuwar Kano, yana da 32 ya ga jirgi ya sauko daga sama a garinsu. Duk yaron da na ba wa labarin nan a haka bai taɓa dawowa ya ce min ya manta ba.

Sai ka nemi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ba waya ba, don waya kana buɗewa saƙo zai shigo ya ɗauke maka hankali. Kowane shafi ka ba shi shekara ɗaya a sama da babban rubutu, duk abin da ka ji ko ka karanta ka nemo shafinsa ka sa. Ba sai shekarun sun yi yawa ba, ashirin zuwa talatin sun isa farawa.

Shafin 1957 yana cikin waɗanda na fi so saboda yadda abubuwa suka jeru a cikinsa. A Fabrairu aka buga gasar cin kofin Afirka ta farko a Khartoum, ƙasashe uku kacal, Masar da Sudan da Habasha, Masar ta ɗauka. Ran 6 ga Maris Ghana ta samu 'yanci ƙarƙashin Kwame Nkrumah, bayan mako ɗaya cif, 13 ga Maris, sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri, sai kuma Oktoba Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Wasanni, siyasa, rediyo, sararin samaniya, duk a shafi ɗaya. 1960 kuwa ita kanta sai ta ci shafi biyu don ƙasashen Afirka 17 ne suka samu 'yanci a cikinta, amma ka fara riƙe na maƙwabta a jere, Kamaru 1 ga Janairu, Nijar 3 ga Agusta, Chadi 11 ga Agusta, Najeriya 1 ga Oktoba. 1969 shekarar sama ce, jirgin Boeing 747 ya yi tashin farko a Fabrairu, Concorde, jirgin fasinjan da ya fi sauti gudu, a Maris, Neil Armstrong ya taka wata a Yuli. Ita kuma 1996 masu son ƙwallo ba sa wahala da ita, gasar Olamfik ta Atlanta ce, mun fitar da Brazil 4-3 muka doke Ajantina 3-2 a wasan ƙarshe, to sai ka ɗaura mata zinaren Chioma Ajunwa a tsallen nesa, ka ƙara da cewa a shekarar ne Abacha ya cika jihohi 36 har aka samu Zamfara da Gombe da Nasarawa.

Labarin ƙasa shi ba ya son turken shekara, taswira yake so, kuma ba kallonta za ka yi ba, zana ta za ka yi da hannunka ko da ta fito a karkace. Na fi sa yara su fara da bin kogi. Ɗauki Kogin Neja, wanda mu nan muke ce wa Kwara, ya taso daga tsaunukan Gini, maimakon ya gangara teku da ke kusa da shi sai ya yi arewa cikin Mali ya wuce Bamako ya bi ta kusa da Timbuktu, ya karyo ta Gao ya shigo Yamai, ya ɗan zama iyakar Nijar da Benin, ya shigo Najeriya ta jihar Kebbi, ya haɗu da Binuwai a Lokoja sannan ya faɗa teku, tafiyar kilomita wajen 4,180. In ka iya zana wannan da ka, ka riga ka kwashi manyan birane biyu, ƙasashe biyar, da amsar tambayoyi sun fi goma. Haka za ka yi wa Nilu, Fari da Shuɗi su haɗu a Khartoum, haka Tafkin Chadi da ƙasashe huɗun da suka kewaye shi.

Akwai kuma tambayoyin tarko, waɗannan kam ka ware musu shafi na musamman a bayan littafi don masu shirya gasa suna matuƙar son su. Ina aji biyar na sakandare aka fitar da makarantarmu a zagaye na biyu saboda na ce Sidni ce babban birnin Ostareliya, alhali Kanbera ce, har yau ina tuna yadda zauren ya yi tsit. Irinsu suna da yawa, Turkiyya Ankara ba Istanbul ba, Maroko Rabat ba Kasabalanka ba, Kwaddibuwa Yamoussoukro ba Abijan ba, Tanzaniya Dodoma, Benin ɗin nan da ke kusa da mu Porto-Novo ba Kwatano ba. Sannan ka kula da amsoshin da suka tsufa. Tsohon littafi zai ce maka Sudan ce ƙasa mafi girma a Afirka, gaskiya ne a da, amma tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a Yulin 2011 Aljeriya ce. Swaziland ta koma Eswatini a 2018. Indiya ta wuce Sin a yawan jama'a a 2023. Duk littafin da za ka karanta ka fara duba shekarar da aka buga shi.

Ɓangaren jirgin sama shi ne yara suka fi tsoro, suna ganin na masu kuɗi ne ko na waɗanda suka taɓa tafiya, alhali tambayoyinsa ba su da yawa kuma maimaita su ake yi. Ka san haruffa ukun da ake sa wa filayen jirgi, KAN Kano, ABV Abuja, LOS Legas, NIM Yamai, JED Jidda, in akwai wanda ya dawo daga Hajji ko Umara a gidanku ka duba takardar da aka liƙa a jikin jakarsa za ka gan su ɓaro-ɓaro. Ka san lambar jikin jirgi, na Najeriya da 5N take farawa, na Nijar 5U. Ka san cewa baƙin akwatin nan da ake nema in jirgi ya yi hatsari ba baƙi ba ne, ruwan lemo ne don a gan shi da wuri, kuma na'ura biyu ce, ɗaya tana naɗar maganar matuƙa ɗaya tana naɗar bayanan tafiyar jirgin. Ka riƙe cewa kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya a 1964 aka kafa ta, Concorde kuma a 2003 ya daina aiki, shekara ɗari cif bayan tashin su Wright, ka ga mun sake komawa turkenmu na farko.

A wasanni matsalar daban ce, kowa gani yake ya sani, amma sanin nasa bai wuce gasar Ingila da Sifen ba. Mai tambaya kuwa gida zai dawo da kai. Najeriya ta ci kofin Afirka a 1980, 1994 da 2013, marigayi Stephen Keshi ya ɗaga shi yana kyaftin a 1994 ya sake ci yana koci a 2013. Rashidi Yekini ne ya ci mana ƙwallon farko a gasar duniya, a ragar Bulgeriya. Ahmed Musa yana da huɗu, biyu a ragar Ajantina 2014, biyu a ragar Iceland 2018. Kano Pillars ta ci gasar ƙasa sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014 bayan ta 2008. Kar ka manta George Weah, Ballon d'Or a 1995, daga baya shugaban Laberiya, tambaya ɗaya mai fuska biyu kenan. Nishaɗi ma haka, ka riƙe na gida tukuna, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya 1939, tashar talbijin ta farko a Najeriya a Ibadan 1959, bikin al'adun baƙar fata na FESTAC 1977 da hawan dabar da aka yi a Kaduna, rasuwar Alhaji Mamman Shata 1999.

Wani abu da nake roƙon ka don Allah, kar ka rubuta komai a littafin nan sai ka gan shi a wuri biyu da ba su kwafi juna ba. Abin da ake turowa a WhatsApp da taken "ko ka san" rabinsa shaci-faɗi ne, misali maganar wai ana hango Babbar Ganuwar Sin daga duniyar wata, ba gaskiya ba ce. Abin da ka haddace ba daidai ba ya fi wahalar fita daga kai.

Bita kuwa ba zama ɗaya ake yi ba. Abin da ka koya yau ka rufe littafi ka faɗe shi gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako. Minti ashirin bayan sallar asuba ta fi awa huɗu a daren gasa. Ka samu abokai biyu ko uku ku riƙa jefa wa juna tambaya a majalisa, ɗaya ya riƙe agogon waya, daƙiƙa goma in ba amsa a wuce, kuma kowace tambaya ku juya ta, in an ce yaushe aka koma Abuja ka ce 1991, sai wani ya ce to me kuma ya faru a 1991, ka kawo Jigawa da Kebbi da Yobe da rushewar Tarayyar Sobiyet. In ƙungiya ce za ku shiga ku raba fanni, wannan tarihi, wancan taswira, wancan wasanni, amma kowa ya san na ɗan'uwansa ko da sama-sama ne.

Ranar gasar kuma ka bari mai tambaya ya kai ƙarshen maganarsa kafin ka ɗaga hannu ko ka danna ƙararrawa. Dutse mafi tsawo kawai aka ce, ko an ƙara da a Afirka, ko a Najeriya? Amsa uku ce daban, Everest, Kilimanjaro mai mita 5,895, da Chappal Waddi na jihar Taraba, kuma kalmar ƙarshe ce ke raba su.