Yadda Ake Gyara Ruwan Famfo Kafin a Dafa Giya a Gida

Fiye da kashi 90 cikin ɗari na giya ruwa ne, saboda haka mai dafa ta a gida ya kamata ya fara duba ruwansa tun kafin ya shiga neman sha'ir mai kyau ko yis. Ruwan famfon da ake sha lafiya lau yana iya lalata tukunya guda, domin hukumomin ruwa suna sa masa kulorin ko kuloramin don kashe ƙwayoyin cuta, kuma idan waɗannan suka gamu da wasu sinadaran da ke cikin tsiron sha'ir da furen hops mai ba giya ɗaci, sai giyar ta fito da ɗanɗanon magani da warin filastar asibiti, wanda ba ya gushewa komai daɗewar da ta yi a kwalba.

Abu na farko shi ne sanin wanne ake sawa a ruwan unguwarka, kuma rahoton hukumar ruwa yakan nuna hakan. Kulorin ba shi da taurin kai: idan aka bar ruwa ya kwana a buɗe, ko aka tafasa shi kamar minti 15 zuwa 20, sai ya tashi. Kuloramin kuwa, wanda haɗin kulorin da amoniya ne, an zaɓe shi ne don ya daɗe a cikin bututu, shi ya sa kwana ɗaya ba ya yi masa komai. Maganinsa mafi sauƙi shi ne ƙwayar sinadarin da ake kira Campden, wadda guda ɗaya ta wadatar ga kimanin lita 75. A niƙa ta, a zuba, a motsa sosai, cikin mintuna kaɗan ta gama aiki, kuma tana kawar da nau'in biyu duka. Matatar gawayi ma tana yi, muddin ruwan yana bi ta ciki a hankali. Kada a manta da ruwan da ake ɗauraye tsiro da shi bayan an jiƙa, domin shi ma cikin tukunyar zai ƙare.

Bayan wannan sai ma'adinai, inda a ganina sababbin shiga suke yawan wuce gona da iri. Abin da ake buƙata shi ne awon tsami, wato pH, na jiƙon tsiro ya tsaya tsakanin 5.2 da 5.6, a auna shi bayan kamar minti 15 da haɗawa, a kan ɗan abin da aka ɗiba aka bari ya huce. Ruwa mai yawan bikabonet, wani ma'adini mai rage tsami, yana ɗaga wannan awo, sai farar giya ta yi bauri, alhali baƙin tsiro da aka gasa sosai yana saukar da shi. Ana cewa irin ruwan kowane wuri ne ya sa aka san Dublin ta ƙasar Ireland da baƙar giya, Pilsen ta ƙasar Czech mai ruwa marar yawan ma'adinai ta fito da farar giyarta a 1842, Burton ta Ingila kuma ta yi suna da giya mai ɗaci saboda ma'adinin jibsin da ke ruwanta. Idan awon ya yi sama, a sirka da tataccen ruwa ko a ɗiga asid ɗin laktik kaɗan-kaɗan. A canza abu ɗaya kawai a kowace dahuwa, a rubuta shi.

Masu dafawa na yankinka su ne za su rage maka wahala, tunda bututu ɗaya kuke sha, kuma sun san lokacin da ruwan yake canzawa a shekara. Ana samunsu a wuraren sayar da kayan haɗi, da ƙungiyoyinsu, da zaurukan intanet. Ka je musu da kwalba ɗaya da bayanan da ka rubuta, ka roƙi su ɗanɗana su faɗa maka gaskiya, sannan ka tambaye su abin da dokar wurin ta ce, domin akwai ƙasashe da yankunan da suka haramta dafa giya a gida.