Matakan neman gurbi a ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'a ba tare da tallafin karatu ba

Da farko, ɗalibi ya yi rajista da cibiyar tantance cancanta ta NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i a Amurka, tun yana sakandare, domin buga wasa a rukuni na ɗaya, wato mataki mafi girma na wasannin jami'o'i, sai da darussa 16 da hukumar ta amince da su da matsakaicin maki aƙalla 2.3 a ma'aunin 4.0. Daga nan ya haɗa gajeren bidiyon wasanninsa, ya sa mafi kyawu a daƙiƙun farko, ya aika wa koci tare da tsayinsa da nauyinsa. Ba a raina wannan hanya ta shiga ba tare da tallafin karatu ba, domin ta ita Baker Mayfield, wanda daga baya ya zama fitaccen ɗan wasa, ya shiga ƙungiyar jami'ar Texas Tech a 2013.

Idan koci ya yi masa tayi, ya tambaya ƙarara ko gurbin tabbatacce ne ko kuwa sai ya fafata a gwaji. A ganina babu tambayar da ta fi wannan nauyi, musamman tun 2025 da aka ƙayyade 'yan wasa 105 a kowace ƙungiya ga jami'o'in da suka shiga sabon tsarin biyan 'yan wasa kuɗi kai tsaye. Alkawarin baki ba ya ɗaure kowa, saboda haka kada ya sallami sauran jami'o'i kafin takardar shiga ta zo hannunsa. Sannan ya zauna da iyayensa su lissafa kuɗin makaranta da na masauki, tunda su za su biya.